Karen da Aka Ƙwace wa Jiransa

Duk lokacin da gardamar Futurama ta taso, baki biyun nan ne dai ke magana. Na farko ya zo da biro da takarda yana lissafa wuraren da marubutan suka saɓa wa kansu a kan tafiya cikin zamani: nan sun ce ba a iya sauya abin da ya wuce, can sun sauya shi, nan baya kawai ake komawa, can gaba kawai ake zuwa, ga kuma yara sun shekara ashirin ba su yi gemu ba. Na biyu ya kwashe da dariya ya ce, haba malam, katun ne fa, mutum-mutumi yana shan giya yana sata kai kuma kana neman hankali a ciki? Ni da su duka biyun nake rigima. Na biyu ya raina aikin, na farko kuma ya bar jaki yana dukan taiki. Akwai laifi babba da wannan shiri ya yi game da lokaci, kuma ban taɓa ganinsa a cikin takardar masu lissafi ba.

Ga wanda bai san shi ba, Futurama shirin zane ne na barkwanci daga Amurka, na Matt Groening, mutumin da ya ƙirƙiro The Simpsons, tare da David X. Cohen. Ya fara fita a tashar Fox ranar 28 ga Maris 1999. Labarin wani saurayi ne mai suna Fry, ɗan shekara 25, mai kai wa mutane pizza a Niyok. A daren ƙarshe na 1999 ya faɗa cikin wani akwatin daskarar da mutane, bai farka ba sai ranar 31 ga Disamba 2999. Uwa, uba, wa, kare, duk ƙasa ta cinye su tun da daɗewa. Ɗan'uwa ɗaya ya rage masa, wani tsoho tukuf mai kimanin shekara 160, Farfesa Farnsworth, jikan jikan jikan wansa, mai kamfanin kai saƙonni tsakanin duniyoyi. A nan Fry ya sami aiki tare da Leela mai ido ɗaya, wadda ke tuƙa jirgin, da Bender, mutum-mutumin da na ambata. Tun daga minti na farko, ke nan, shirin ya ɗora gininsa a kan mutumin da ya yi asarar shekara dubu.

Bari in sallami mai cewa "katun ne" da wuri, don maganarsa ba ta da nauyi. Marubutan da kansu ba su ɗauki aikinsu haka ba. Cohen ya karanta kimiyyar fiziks a Harvard. Ken Keeler, ɗaya daga cikin manyan marubutan, digirin dakta gare shi a lissafi, kuma a 2010, don kawai ya warware wani labari na musayar ƙwaƙwalwa tsakanin jikuna, sai da ya zauna ya tabbatar da wata ƙa'idar lissafi ta gaske, aka nuna ta a kan allo cikin shirin. A kashin farko na 1999, daidai lokacin da kujerar Fry ke kifewa, akwai wata ƴar inuwa a jikin bango da kusan ba wanda ya lura da ita. Sai a 2003 aka bayyana cewa inuwar Nibbler ce, ƴar halittar da ta shirya faɗuwar tasa da gangan. Mutanen da suka ajiye inuwa shekara huɗu suna jiran ranarta, su ne suka gayyace mu mu riƙa bin su da lissafi. Ba za a ce mana mu sa ido idan abin ya yi kyau, sannan a ce mu runtse idan ya ɓaci ba.

Mai biro da takarda kuwa, ƙararsa ta farko ita ce dokokin sun yi yawa. Gaskiya ne sun yi yawa, amma kowace doka da na'urarta. A "Roswell That Ends Well" na 2001, haɗari ne ya jefa su 1947: tauraro ya fashe daidai lokacin da Fry ya sa ƙarfe a na'urar ɗumama abinci. A can duk abin da suka yi, ashe dama shi ne tarihin. Fry ya ɓoye kakansa don ya kare shi, sai ya zama a filin gwajin bam ɗin nukiliya ya ɓoye shi. Mutumin ya mutu, Fry bai ɓace ba, don ta hanyar da ba zan bayyana a nan ba saboda kunya, shi ne ya zama kakan kansa. Kan Bender ya faɗo daga jirgi, ya kwanta cikin rairayi fiye da shekara dubu kafin su je su tono shi, har kansa ya girmi gangar jikinsa. Zoben ya rufe tsaf. A fim ɗin 2007 wasu lambobi ne ke mai da mutum baya, baya kawai. A 2010 Farfesa ya ƙera keken da gaba kawai yake yi. A 2013 kuma maɓalli ne mai komar da duniya daƙiƙa goma baya. Jaki da babur da jirgin sama duk abin hawa ne, ba wanda ke ƙarar jirgi don bai ci ciyawa ba. Muddin labari ya riƙe dokar da ya kafa wa kansa daga farkonsa zuwa ƙarshensa, ni ba ni da ja.

Ƙara ta biyu ta fi ƙarfi, wato rashin tsufa. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san wannan yarjejeniya. Gizon da kakata ta ba ni labarinsa shi ne wanda aka ba ta tana yarinya, bai ƙara ko furfura ɗaya ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayar shekarun Ƙoƙi. Dalili shi ne "ga ta nan ga ta nanku" ba ta da kalanda. Haka Bart na The Simpsons yake ɗan shekara goma tun 1989, shirinsu ba ya riƙe shekara da muhimmanci. Futurama ta zaɓi akasin haka. Ta ɗaura wa kanta kalanda, tana tafiya tare da tamu da tazarar shekara dubu: muna 2010 suna 3010, muna 2023 suna 3023. To a nan ne ƙafa ke shiga rami. Cubert, kwafin Farfesa da aka tsiro daga wani ƙari na bayansa, ya bayyana a 2000 yana ɗan shekara 12. Har yanzu yaro ne. Dwight ɗan Hermes ma haka. Amma a wani kashi na 2003 an zuba ƴaƴan Kif, masu kama da ƴaƴan kwaɗi, a cikin fadama, aka ce sai bayan shekara ashirin za su fito, kuma a 2023 marubutan suka cika alkawari, aka koma fadamar aka ɗauko su. Shekara ashirin ta wuce a kan ƴaƴan kwaɗi, ta tsallake ɗan mutum. Fry da kansa, in ka bi takardar haihuwa, an haife shi 1974, ya ba shekara dubu da arba'in baya. In ka cire daskarewa ka ƙidaya abin da ya rayu ido biyu, ya kai 48 a 3023. Fuskar kuwa ta ɗan 25 ce.

Na yarda wannan kuskure ne. Amma kuskure ne irin na kwalliya, ina iya yafe shi kamar yadda nake yafe wa ɗan wasan kwaikwayon rediyo mai jikoki idan ya fito a saurayi mai zuwa zance. Abin da ba na yafewa shi ne abin da aka yi wa Seymour.

A Nuwamba 2002 aka nuna "Jurassic Bark". An tono gawar karen Fry, wanda ya tsinta a titi a 1997, ta zama dutse. Farfesa ya ce zai iya maido da shi da rai har da abin da ke ƙwaƙwalwarsa. Ana cikin aikin sai na'ura ta nuna karen ya mutu yana da shekara 15. Fry ya yi lissafi: ya rabu da shi yana da uku, ke nan ya rayu shekara 12 bayansa. Sai ya ce a dakata, ai karen ya yi rayuwarsa, ya sami wasu mutane, ya manta da shi tuntuni, bai kamata a tashe shi ba. Ya yi abin da ya ɗauka shi ne dattako. Daga nan aka mai da mu baya, mu kaɗai, ban da Fry. Muka ga karen zaune a ƙofar shagon pizza inda ubangidansa ya ce ya jira shi. Rani ya wuce, ƙanƙara ta zubo, mai shagon ya tsufa, karen ya tsufa, yana nan. Shekara 12. A ƙarshe ya kwantar da kai ya rufe ido.

Ba na jin akwai minti ɗaya a duk katun na Amurka da ya kai wannan nauyi, kuma na san dalilin da ya sa ya same ni a inda ya same ni. Na shekara bakwai ina gabatar da shirin gaishe-gaishe. Akwai wata tsohuwa da takan aiko jikarta da ƴar takarda kusan kowane mako, gaisuwa ga ɗanta da ya tafi Libiya neman kuɗi. Ta san tasharmu ba ta kai ko Agadez ba. Ina karantawa dai, don ba don shi ake karantawa ba. Wata rana takardar ta daina zuwa, ban tambaya ba, na san amsar. Abin da ke sa irin wannan jira ya yi ciwo shi ne ba a maido shi. Wanda ya jira ya biya da ransa, wanda aka jira bai ma san an biya ba. Marubucin kashin, Eric Kaplan, ya gane wannan sarai, shi ya sa bai bar Fry ya gani ba.

Fox ta dakatar da shirin a 2003. Da aka dawo da shi a 2007 da fim ɗin "Bender's Big Score", sai aka buɗe wannan kabari. Fry ya koma ranar 1 ga Janairu 2000 da lambobin nan, rikicin komawa baya ya haifar da Fry biyu, ɗaya ya koma gaba, ɗaya ya zauna. Wanda ya zauna ya kama ɗaki a saman shagon pizza, ya koma ga iyayensa, ya koma ga karensa. Ashe in ban da wata tafiya da ya yi cikin teku a ƙarshe, Seymour yana tare da ubangidansa, ana shafa masa kai. Kuma fim ɗin bai bar mana ko mafakar cewa wannan wani tarihi ne dabam ba, don ya nuna cewa wutar da Bender ya harba wa gidan a 2012 ita ce ta mai da karen dutse, dutsen nan da aka tono. Ma'ana dama can haka abin yake. Ma'ana a 2002, lokacin da muke share hawaye, Fry yana sama a ɗaki, kyamara ce kawai ba ta ɗaga kai ba.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita. Mutane sun ji zafin kashin nan ƙwarai, marubuta sun tausaya, sun ba kare ɗan sauƙi, mene ne laifi a tausayi? Laifin shi ne ba karen aka tausaya wa ba. Kare zane ne, ba ya jin komai. Mu aka lallasa, kamar yaron da aka gaya wa gaskiya ya yi kuka, sai aka ce masa wasa ake. Kuma kuɗin lallashin ya yi tsada, don tun daga ranar duk wani rashi da shirin ya nuna mini, akwai wata murya a bayan kunnena mai cewa bari dai mu gani, ƙila su janye. Mai ba da labarin da ya taɓa karɓe da hagu abin da ya ba ka da dama, ko ya rantse ba ka sake sakin jiki da shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne fim ɗin nan ɗaya ya san hanyar da ta dace, ya kuma bi ta a kan mutum. Fry ɗin da ya zauna a baya ya rayu shekara 12 na gaske. Ya yi aikin kula da wata dabbar teku mai ƙaho ɗaya, ya so ta, ya koyi sakin abin da yake so idan sakin ya fi masa alheri. Wutar Bender ta ƙone masa gashi ta sauya masa murya, ya dubi madubi ya gane shi ne Lars, mutumin nan mai sanƙo da ya gani a gaba yana neman Leela. Ya sake daskarar da kansa ya je ya same ta. Leela da ta shekara da shekaru tana ƙin Fry, ta amince za ta auri Lars, alhali mutum ɗaya ne. Bambancinsu shekara 12 kawai. Wannan ita ce magana mafi gaskiya da shirin ya taɓa yi a kan tsufa: abin da ya hana Fry samun matar da yake so ƙuruciya ce, maganinta kuma lokaci ne da ba a sayen sa da rahusa. Da Lars ya gano dokar lambobin, cewa duk kwafin da suka haifar ajalinsa na kusa, ya fasa auren don kada ya bar ta da takaba, ya kuma mutu. Shi an bar masa shekarunsa da ya biya. Karen ne aka ce a mai da masa kuɗinsa.

Ga wanda zai ce barkwanci ba ya ɗaukar irin wannan nauyi, ya je ya kalli "The Late Philip J. Fry" na 2010. Fry ya makara zuwa cin abincin ranar haihuwar Leela, Farfesa ya ce ya tsaya su gwada keken zamani na minti ɗaya kacal. Tsoho ya yi tuntuɓe ya ja sandar, suka tsinci kansu a shekara ta 10,000. Ba hanyar komawa. Suka yi ta gaba har taurari suka mutu, komai ya ƙare, sai ga wata halittar ta sake tashi sak irin ta farko. Suka zagayo, suka wuce tasharsu, suka sake zagayowa karo na biyu. Kekensu ya faɗo a kan su Fry na wannan duniya ta uku ya murƙushe su, suka maye gurbinsu, Fry ya isa wurin cin abinci a kan lokaci. Dariya ce daga farko har ƙarshe. Amma Leela ta farko fa? An nuna mana ita tana tsufa, tana zaton ya gudu ne ya bar ta. A can ne ma kaɗai aka bar Cubert ya girma, har ta aure shi suka rabu. Sai bayan shekara arba'in ta gano gaskiya, ta je cikin wani kogo ta harbi rufinsa yadda ɗigon ruwa zai yi ta gina rubutu a ƙasa, saƙon da Fry ya karanta bayan shekara biliyan ɗaya. Ba a taɓa komawa an cece ta ba. Ta rayu ta mutu ba shi. Leelar da yake tsaye da ita a kan gada a ƙarshe wata ce, kuma a ƙarƙashin gadar Bender na binne gawarwaki. An yi dariya, an ci lambar Emmy, ba a karɓe wa kowa abin da ya biya ba.

Haka aka rufe shirin a Satumba 2013 da "Meanwhile". Maɓallin daƙiƙa goma ya fashe, duniya duka ta tsaya cik, sai Fry da Leela kaɗai ke motsi. Suka ɗaura wa kansu aure, suka zaga duniya a ƙafa, har a kan teku, suka tsufa tare har furfura da ƙusumbi. Karo na farko aka bar fuskar Fry ta bi shekarunsa. Da Farfesa ya ɓullo ya ce zai iya mai da komai baya amma ba za su tuna komai ba, tsofaffin biyu suka yarda su sake zagayowa. Wani zai ce ai wannan ma sharewa ce. Sharewa ce, amma su suka zaɓa da bakinsu, sun san abin da za su rasa, kuma a nan labarin ya tsaya. Tashar da ta nuna shi ma tana gamawa ta sa kashin farko na 1999, Fry yana kan kekensa da kwalin pizza. Ƙurunƙus mai kyau ke nan.

Sai Hulu ta yi odar kashi ashirin, shirin ya dawo a Yuli 2023. A ƴan mintoci na farko aka wanke furfurar, aka ce kalanda ta nuna 3023, aka wuce zuwa barkwanci a kan kallon talabijin. Auren da ya kai su tsufa ya koma ɗan tsaikon da aka samu kafin a ci gaba da shiri. Ba na cewa sababbin kashin ba su da daɗi, wasu sun ba ni dariya. Kuma na san dalilin, ba boyayye ba ne: Fry ɗan 25 shi ne hajar da aka saya, ba wanda ya biya kuɗi don ya ga Fry mai ciwon gwiwa. Shi ya sa Cubert ba zai yi gemu ba, shi ya sa ƴaƴan kwaɗi kaɗai aka bari su girma, don girmansu ba ya taɓa hoton da ke jikin riga. A nan ne rashin tsufan da na ce ina yafewa yake haɗuwa da laifin da ba na yafewa, tushensu ɗaya.

Akwai dai wurin da marubutan ba su da iko, kuma sana'ata ce ta sa na lura da shi. Billy West, mai yin muryar Fry da ta Farfesa, an haife shi 1952. Yana da shekara 46 lokacin da shirin ya fara fita, yana da 71 lokacin da ya dawo. Wata rana bayan mun rufe tasha na ce da mai kula da na'urorinmu, wanda ya girme ni da kusan shekara ashirin kuma bai taɓa kallon shirin ba, "Yaya, zo ka ji wani abu." Na sa masa Fry na 1999, na sa masa Fry na 2023, ban nuna masa hoto ba. Ya saurara da abin jinsa a kunne, ya ce in maimaita na biyun. Sannan ya cire ya ce, "Wannan na farkon yaro ne. Na biyun kuwa babansa ne yake kwaikwayonsa, kuma ya iya."